Ya karɓi kuɗinka ya ce ya fasa: yadda ake sa kotu ta tilasta cika cinikin fili

Rigimar fili iri-iri ce. Akwai ta iyaka, akwai ta gado, akwai ta wanda ya wayi gari ya tarar an sauke bulo a fulotinsa. Wadda ke gabanmu daban ce: an yi tayi, an yi sallama, kuɗi ya shiga hannun mai fili, duka ko wani kaso, daga baya ya ce ya fasa, a zo a karɓi kuɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dalar da ba ta kai Naira 500 ba a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024, filaye da gidaje suka bi sahu. Wanda ya sallama fuloti a miliyan biyar, ya karɓi uku, idan wani ya zo ya taya miliyan tara kafin a cika masa, sai mai tsoron Allah ne zai tsaya kan maganarsa.

Mutane da yawa sun ɗauka iyakar abin da kotu za ta yi shi ne ta ce a mayar da kuɗi. Ba haka ba ne. A dokar Najeriya kotu tana da ikon umartar mai sayarwa ya cika cinikin, ya miƙa filin, ya sa hannu a takardu, domin ana ɗaukar kowane fili a matsayin abin da ba shi da madadi. Miliyan ukun da za a mayar maka bana ba za ta sayi abin da ta saya bara ba, kuma ko ta saya, ba wannan fulotin na bakin titi ba ne. Sai dai wannan umarni ba haƙƙi ba ne da ake karɓa kai tsaye. Alƙali yana duba halin kowane ɓangare kafin ya bayar, kuma mai saye yake fara dubawa. Shi ya sa mafi yawan abin da zai ci maka shari'ar ko ya kayar da kai ya riga ya faru tun kafin ka taka kotu.

Mataki na farko: tabbatar ciniki ya faɗa da gaske

Kotu ba ta ƙulla wa mutane ciniki, wanda suka ƙulla take tilastawa. Abu huɗu take nema a sarari: su wa suka yi cinikin, wane fili, nawa, kuma me aka sayar, wato mallakar gaba ɗaya ce ko haya ce ta wasu shekaru. Idan ɗaya ya ɓace, magana ta tsaya a tattaunawa. A shari'ar kamfanin Best da Blackwood Hodge a 2011, Kotun Ƙoli ta ƙi ba da umarnin saboda ta ga ba a kai ga kammala yarjejeniya ba. Tun 1988, a shari'ar bankin UBA da Tejumola, ta nuna cewa takardar da aka rubuta wa cewa sai an ƙulla cikakkiyar yarjejeniya nan gaba ba ta ɗaure kowa. Ɗauko takardarka ka karanta da idon abokin hamayya.

Inda takardunmu suka fi rauni shi ne bayanin filin. "Fili ɗaya a bayan makarantar firamare" ba bayani ba ne. Ana so a ga lambar fuloti da sunan shimfiɗar idan awon gwamnati ne. Idan awon igiya ne, a ga tsawo da faɗi, da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, kuma ya fi kyau a haɗa da zanen safiyo. Alƙali ba zai ba da umarni kan filin da ma'aikacin kotu ba zai iya zuwa ya nuna da yatsa ba.

Batun rubutu kuma yana da fuska uku, gwargwadon dokar da aka yi cinikin a ƙarƙashinta. A dokar da muka gada daga Ingila, tun daga dokar hana zamba ta 1677 har zuwa dokokin jihohi da suka kwaikwaye ta, ba a shigar da ƙara kan cinikin fili sai akwai rubutu da wanda ake ƙara ko wakilinsa ya sa wa hannu. Ba dole ne ya zama doguwar takardar lauya ba. Rasit ma yana wadatarwa idan ya ƙunshi abubuwan nan huɗu, kuma ana iya haɗa takardu biyu ko uku su cika juna. Idan babu rubutu sam, ƙofar da ta rage ita ce ka nuna ka aikata abin da ba zai yi ma'ana ba sai da cinikin: an miƙa maka filin, ka kewaye, ka sa harsashi, mai fili yana gani. Biyan kuɗi kawai ba kasafai yake isa ba, domin kuɗi ana iya cewa rance ne.

A cinikin gargajiya ba a neman rubutu. Tun shari'ar Cole da Folami a 1956 ƙa'idar ita ce a biya kuɗi, a miƙa filin, a gaban shaidu. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci ke aiki da shi a Arewa, ciniki yana ɗauruwa da tayi da karɓa, mai sayarwa ba shi da damar janyewa shi kaɗai, sai dai ya roƙi iƙala, mai saye ya yafe masa don kansa. Amma ko a nan sai ka kawo shaidu, kuma ayar bashi ta 282 a Suratul Baƙara ta riga ta umarce mu da rubutawa da kafa shaidu. Shaidu suna tsufa, suna ƙaura, suna rasuwa, wasu kuma suna jin nauyin mai fili domin tare suke sallah.

Mataki na biyu: wanda ya sayar maka, nasa ne?

Wannan tambaya ce mai ɗaci, amma gara ka yi wa kanka ita kafin lauyan wancan ɓangaren ya yi maka. Kotu ba ta umartar mutum ya ba da abin da bai mallaka ba.

Dillali aikinsa haɗa ciniki ne ya karɓi la'ada. Sa hannunsa ba ya ɗaure mai fili sai an nuna an ba shi izinin sayarwa. Idan a hannunsa ka biya, nemi hujjar cewa kuɗin ya isa ga mai fili, ko wata magana ta mai fili da ke nuna ya amince. Haka takardar wakilci da ake yawan karɓa a maimakon takardar ciniki don gudun kuɗin gwamnati. Kotun Ƙoli ta bayyana a shari'ar Ude da Nwara a 1993 cewa takardar wakilci izini ce ta yin aiki a madadin wani, ba ita ke miƙa mallaka ba.

Gidan gado ya fi ko'ina haɗari. Babban wa ya tsaya ya sayar, ƙannensa mata suna gidajen aure ba a tuntuɓe su ba, ga marayu ƙanana a ciki. Cinikinsa ba ya wuce kasonsa sai sauran magada sun amince, kason maraya kuwa sai ta hannun wasiyyi ko da izinin alƙali. Ko kason nasa ka saya kafin a raba, sauran magada suna da haƙƙin shufu'a, wato su biya abin da ka biya su karɓe. Maƙwabci dai ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Alkamawa da Bello a 1998, don haka kada wani na jikin katanga ya tsorata ka da ita. Idan filin gado ne, nemi takardar rabon gado daga kotu, ko sa hannun kowane magaji.

Sannan ka je ofishin filaye a yi bincike a fayil: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ko ma'aikatar ƙasa a sauran jihohi. Sunan wa ke kan takardar? An jinginar wa banki? Gwamnati ta soke? A Abuja a kula sosai, domin Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Madu da Madu a 2008 Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke ba da fili a can, takardar sarkin ƙauye ba ta ba da mallaka.

Mataki na uku: duba naka ɓangaren, musamman cikon kuɗi

Nan ne masu gaskiya da yawa suke faɗuwa, don haka zan daɗe a kai. Mai neman kotu ta tilasta wani ya cika alkawari dole ya nuna shi ya cika nasa, ko kuma a shirye yake ya cika, da kuɗinsa a hannu, tun daga ranar ciniki har ranar hukunci.

Hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli biyu sun nuna iyakar abin. A shari'ar Odusoga da Ricketts a 1997, mai saye ya biya wani kaso ya bar ciko ya daɗe bai biya ba, kotu ta ce mai fili yana da damar warware cinikin ya sayar wa wani, ko da mai sayen ya riga ya shiga filin. A shari'ar Ohiaeri da Yussuf a 2009 kuwa, kotu ta tsaya wa wanda ya biya wani kaso, ta ce ciniki ya ɗauru, abin da ya rage biyan ciko ne, ta tabbatar da umarnin a cika masa duk da an sayar wa wani daga baya. Bambancin yana wurin wanda ya saɓa. Idan lokacin ciko ya yi ka kasa, laifi naka ne. Idan lokaci bai yi ba, ko ka kai kuɗi an ƙi karɓa, ko an ɗaura cikon a kan wani abu da mai fili zai fara yi kamar kawo asalin takardu, laifi nasa ne.

Saboda haka ka duba me aka rubuta game da lokaci. Idan an sa rana kuma an nuna cewa ranar sharaɗi ce, wuce ta da kwana kaɗan ma yana iya kashe maka ƙara. Idan ba a sa rana ba, doka tana ɗaukar lokacin da hankali zai karɓa, kuma mai fili yana iya rubuto maka wa'adi, wanda idan ya zo sai ka ɗauke shi da muhimmanci. "Ai mun saba, ya ce in kawo duk lokacin da na samu" magana ce da ba ta tsayuwa a gaban alƙali idan mai maganar ya musa. Duk ƙarin lokacin da aka yi maka, a rubuta, ko da saƙon waya ne.

Sai sunan kuɗin da ka fara bayarwa. Kotuna suna bambanta kafin alƙalami da ake bayarwa don riƙe ciniki, wanda ke iya salwanta idan mai saye ya janye, da kason farko na ainihin farashi, wanda ke nuna ciniki ya riga ya faɗa. A rasit a rubuta ƙarara: an karɓi kaza daga cikin farashi kaza, saura kaza, za a biya rana kaza. A Malikiyya ba a yarda mai fili ya cinye kafin alƙalami don an fasa ba, amma idan takardar lauya ce aka tsara bisa dokar boko, abin da aka rubuta ne zai yi aiki.

Idan mai fili ya fara kauce-kauce, kai masa cikon ta hanyar da za ta bar sawu. A yanki takardar banki ta cikon da sunansa, lauya ya aika da wasiƙa, a ajiye shaidar isarwa. Idan ya ƙi karɓa, ka bar kuɗin a asusu, kada ka juya shi a kasuwa, domin bayanan asusunka su ne za su nuna a shirye kake. Game da tsabar kuɗi kuma, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar sama da Naira miliyan 5 hannu da hannu ba ta banki ba, kamfani kuma miliyan 10. Bayan kiyaye doka, tura kuɗi ta banki da rubuta dalilinsa hujja ce da ba ta mantuwa.

Mataki na huɗu: makon farko bayan ya ce ya fasa

Kada ka karɓi kuɗinka. Wannan shi ne tarkon da aka fi faɗawa. Dattawa za su taru, a ce ka riƙe kuɗin tukuna a ci gaba da magana, kai kuma don kunya ka karɓa. A idon kotu wanda ya karɓi kuɗinsa ya yarda an warware ciniki. Idan kuma ka ga alat ya shigo ba da saninka ba, a ranar ka rubuta masa cewa ba ka amince ba, ka mayar, ko ka bar kuɗin ba ka taɓa ba ka sanar da lauya.

Lauya ya rubuta masa wasiƙa mai wa'adi, yana neman a cika ciniki. A rubuta wa ofishin filaye takardar gargaɗi cewa akwai taƙaddama a kan fayil ɗin, don kada a amince da wani sabon ciniki. A sanar da mai unguwa da dagaci da dillalan yankin, a rubuce in da hali. Idan an riga an miƙa maka filin, ka ci gaba da zama a ciki, ka sa alama. Amfanin duk wannan shi ne kada wani ya zo gobe ya ce ya saya bai san da kai ba.

Idan ba a miƙa maka ba, kada ka tara matasa ka shiga da ƙarfi. Tun shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu a 1986 kotu ta yi tir da ɗaukar doka a hannu, ko gwamnati ce ta yi, kuma mai neman adalci ba ya zuwa da irin wannan tabo. 'Yan sanda ma ba su ne mafita ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya kawai, kuma abin da ake yawan ƙarewa da shi a caji ofis shi ne takardar alkawarin mayar da kuɗi kashi-kashi, wadda za a ɗaga a kotu a ce ka haƙura da filin. In akwai zamba ta gaske, kamar wanda ya sayar da fuloti ɗaya ga mutum uku ko ya buga takardar bogi, wannan laifi ne, a kai rahoto, amma tuhumar laifi ba ita za ta ba ka filin ba.

Sulhu alheri ne, kuma ina ba da shawarar a gwada shi da gaske. Kano tana da zauren sulhu na kotu tun 2009, wasu jihohin ma suna da irinsa, kuma abin da aka cimma a can alƙali yana iya sa masa hannu ya zama hukunci. Wani lokaci ƙara wa mai fili wani abu a kan farashi ya fi shekaru ana zaryar kotu arha. Abin da ban yarda da shi ba shi ne sulhun da ba shi da wa'adi. Dokokin ƙayyade lokacin ƙara sun ba da shekara shida ga yarjejeniya a wasu jihohi, biyar a wasu, amma umarnin tilasta ciniki ba ya jiran wannan. Jinkirin da ba shi da dalili, ko bai kai shekarun ba, yana isa alƙali ya ce ka yi sakaci, musamman idan wani ya riga ya yi gini kana kallo.

"Ai gwamna bai sa hannu ba"

Wannan ita ce kariyar da mai fasa ciniki ya fi gudu ya fake da ita, don haka ka san amsarta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna amana. Sashe na 22 ya hana mai riƙe da izinin mallaka na gwamna ya miƙa wa wani sai da amincewar gwamna, sashe na 21 ya ɗora irin wannan sharaɗi kan filayen karkara ta hannun ƙaramar hukuma, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi saɓanin haka bai inganta ba. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jingina saboda rashin wannan amincewa, kuma wanda ya ci bashin ne ya ci gajiyar rushewar. Hukuncin ya tayar da hankali ƙwarai.

Daga baya kotu ta fayyace. A shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe a 1995, da ta kamfanin International Textile da Aderemi a 1999, ta nuna cewa cinikin fili hawa biyu ne. Hawan farko yarjejeniya ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma ba ta buƙatar sa hannun gwamna, ai sai an yi ta ne ma za a sami abin da za a kai masa. Hawa na biyu shi ne miƙa mallaka, nan ne amincewar ta zama dole. Neman amincewar nauyi ne a kan mai riƙe da takarda, wato mai sayarwa, kuma kotuna ba sa son mutum ya ƙi yin aikinsa sannan ya mayar da ƙin hujja. Don haka abin da za ka roƙa shi ne a umarce shi ya sa hannu a takardar neman amincewa da takardar miƙa mallaka. A takardar ciniki tun farko, a sa layin da ke cewa miƙa mallakar ya dogara ga amincewar gwamna. Wannan layi ɗaya yana rufe ƙofar gardama mai tsawo.

Mataki na biyar: wace kotu, kuma me za ka roƙa

Kuskuren kotu yana cin shekaru, domin hukuncin kotun da ba ta da hurumi ana rushe shi komai kyansa. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da ke ƙarƙashin izinin gwamna, wato filayen birni da masu satifiket. Filayen karkara ana iya kai su kotun yanki ko kotun shari'ar Musulunci ko ta gargajiya, kuma a shari'ar Adisa da Oyinwola a 2000 Kotun Ƙoli ta ce Babbar Kotu ma tana da hurumi a kansu. A wajen ɗaukaka ƙara a lura: sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga al'amuran aure, gado, wasiyya, waƙafi, kyauta da makamantansu. A shari'ar Magaji da Matari a 2000 an tabbatar cewa rigimar mallakar fili zalla ba tata ba ce.

A takardar ƙara, lauya zai nemi kotu ta ayyana cewa yarjejeniyar tana nan daram, ta umarci wanda ake ƙara ya karɓi ciko ya sa hannu ya miƙa asalin takardu da filin, ta soke duk cinikin da aka yi a bayanka, sannan ta hana shi taɓa filin. Ka tabbata an ƙara roƙo na madadi: idan tilastawar ba ta yiwu ba, a mayar da kuɗinka tare da diyyar asarar da ka yi. Kotu ba ta ba da abin da ba a roƙa ba, kuma wanda ya roƙi filin kaɗai yana iya fita hannu rabbana.

Tare da ƙarar a shigar da buƙatar dakatar da sayarwa ko gini har a gama shari'a. Za a nemi ka yi alkawarin biyan diyya idan ta bayyana ba ka da gaskiya. Akwai kuma ƙa'idar da Kotun Ƙoli ta ƙarfafa a shari'ar Ogundiani da Araba a 1978, cewa wanda ya sayi fili ana tsakar shari'a a kansa ya sayi rigima, hukuncin zai hau kansa.

Idan an riga an sayar wa wani kafin ka shigar da ƙara, a sa shi cikin waɗanda ake ƙara. Duk shari'ar za ta koma kan tambaya ɗaya: ya san da kai? Idan ya biya kuɗinsa, ya sami cikakkiyar mallaka da amincewar gwamna da rajista, kuma bai sani ba, babu kuma abin da zai sa mai hankali ya yi tambaya, to shi doka za ta bar wa filin, kai ka bi mai sayarwa da kuɗi da diyya. Amma idan katangarka tana tsaye, ko gargaɗinka yana cikin fayil, ko dillalinsa ko lauyansa ya sani, ana ɗaukarsa ya sani. Tun shari'ar Okoye da Dumez a 1985 aka tabbatar cewa wanda ya biya kuma ya shiga fili yana da haƙƙi mai ƙarfi ko takardarsa ba ta da rajista, ba mai kayar da shi sai irin wancan mai sayen da bai sani ba.

Shi ma mai sayarwa yana da abin faɗa. Zai iya cewa an yaudare shi, ko an matsa masa, ko bai fahimci abin da ya dangwala wa yatsa ba. Kotu tana sauraron wannan da kyau idan tsoho ne ko mara lafiya ko gwauruwa da aka saye wa gida da arhar banza, kuma daidai ne ta saurara. Tashin farashi bayan ciniki dai ba uzuri ba ne.

Mataki na shida: shirya hujjojinka yadda kotu za ta karɓa

Harshen Babbar Kotu Turanci ne. Takardar da mai unguwa ya rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, sai an haɗa ta da fassara kuma mai fassarar ya tabbatar da ita. Idan kuma da Turanci aka rubuta alhali mai sayarwa ba ya karantawa, dokar kare marasa karatu tana so marubucin ya sa sunansa da adireshinsa, ya shaida an karanta masa an fassara kafin ya sa hannu. Rashin wannan yana ba shi ƙofar musu.

Saƙonnin WhatsApp, muryoyin da aka naɗa da bayanan banki ana karɓarsu, amma sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar tabbatar da na'urar da aka ciro su. Kada ka sayar da wayar, kada ka goge hirar. A biya harajin kan sarki a kan takardar ciniki. Game da takardar da ba a yi wa rajista ba, Kotun Ƙoli ta sassauta a shari'ar Benjamin da Kalio, sannan ta koma kan tsohuwar ƙa'ida ta ƙin karɓarta a matsayin shaidar mallaka a shari'ar Abdullahi da Adetutu a 2019. Hanyar da ba ta da haɗari ita ce lauya ya gabatar da ita a matsayin shaidar yarjejeniya da biyan kuɗi, ba shaidar cikakkiyar mallaka ba. Kuma ka sani abin da aka rubuta ba a canza shi da maganar baka, don haka sharaɗin da kuka yi a zaure ba ku sa a takarda ba da wuya ya sami shiga.

Bayan hukunci

Wanda bai gamsu ba yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu kan hukuncin ƙarshe, kwana 14 kan na wucin gadi. Idan ka yi nasara, biya ciko cikin wa'adin da alƙali ya sa, in ya ƙi karɓa a zuba a asusun kotu. Idan ya ƙi sa hannu, ana aika masa fom na 48 na gargaɗi, sai fom na 49 na ya zo ya bayyana dalilin da zai hana a tsare shi, daga nan kotu tana iya tura shi gidan gyaran hali saboda raina umarninta. Ya fi sauƙi tun a takardar ƙara a roƙi cewa idan ya ƙi, rajistaran kotu ya sa hannu a madadinsa. Da wannan takarda da kwafin hukuncin da kotu ta tabbatar za ka koma ofishin filaye, ka nemi amincewar gwamna, ka biya kuɗaɗen da aka yanka, a yi rajista da sunanka.